Daga Allo Zuwa Takarda: Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani Kan Girman Zane Kafin Ka Kai Shi Madaba'a

Yawancin zanen da ke lalacewa a madaba'a, tun a mintin farko ya lalace. Mai zane ya buɗe manhaja, ta tambaye shi faɗi da tsawo, shi kuma ya danna abin da ya tarar a wurin ya wuce, don hankalinsa na kan aikin da ke gabansa. Sai ya kwana uku yana gyaran inuwar fuska da launin mayafi, zane ya fito tas a allon waya. Ranar da aka buga shi a kalandar biki ko bangon littafi, ga gefen haruffa ya yi gargada, ga fuska ta yi dishi-dishi. Mai aiki ya ce madaba'a ce ta cuce shi, mai madaba'a ya ce abin da aka kawo masa ke nan. Sau da yawa mai madaba'a ne ke da gaskiya, kuma abin da ke ba ni takaici shi ne lissafin da zai hana wannan asara bai wuce na ɗan firamare ba. Sharaɗinsa ɗaya ne: a yi shi kafin a ja layin farko.

Fiksel ne dukiyar da ke cikin fayil

Duk zanen da aka yi a Photoshop, Krita, Procreate, ibis Paint ko PixelLab, tarin ƙananan murabba'ai ne masu launi da ake kira fiksel. Ka ɗauki hular ɗinkin hannu ka kawo ta kusa da idonka, za ka ga sukar allura ɗaya bayan ɗaya, kowace da zarenta. Ka miƙa wa wani ya saka ya tsaya a tsallaken titi, sai ka ga ado kawai. Haka fiksel yake. Idan ka buɗe filin zane mai faɗin 1080 da tsawon 1080, adadin da ka mallaka ke nan, kuma ba zai ƙaru don an kai shi babban inji ba.

Injin bugawa yakan shimfiɗa waɗannan fiksel a kan takarda. In takardar ƙarama ce, sai su matsu da juna, ido ya kasa rarrabe su. In babba ce, dole kowane fiksel ya buɗe ya ci wuri mai yawa, har a fara ganinsa. Awon wannan matsuwa shi ne PPI, wato yawan fiksel a kowane inci guda, inci kuma santimita 2.54 ne. Zanen nan mai faɗin 1080, in ana son PPI 300, inci 3.6 kawai zai bayar, kimanin santimita 9, girman sitika. A shimfiɗa shi a faɗin takardar A4, ya sauko zuwa kusan 130. A kai shi faɗin A2, girman fosta, ya koma 65. Fayil ɗin bai canza ba ko kaɗan, takardar ce ta yi masa yawa.

Lambar da ke ruɗin mutane

Za ka ji ana cewa "ka mayar da shi DPI 300". A baki, PPI da DPI sun zama abu ɗaya, kuma manhajoji da yawa ma DPI suke rubutawa a inda suke nufin PPI. A aikace DPI na injin ne: yawan ɗigon tawadar da yake iya fesawa a inci guda. Firinta mai fesa tawada tana iya kai 1200, 1440 ko ma 2880, saboda tawadarta kala kaɗan ce, sai ta haɗa ɗigo da dama kafin ta kwaikwayi launin fiksel ɗaya. Don haka in mai shago ya ce injinsa 1440 ne, ba yana nufin ka kawo fayil mai PPI 1440 ba.

Babban ruɗin yana wani wuri. Lambar PPI da ke rubuce a jikin fayil umarni ce kawai ga inji kan girman da zai buga, ba ta ƙara komai a hoton. Hoto mai fiksel 6000 da 4000 wanda aka rubuta wa 72 ya fi mai fiksel 900 da 600 wanda aka rubuta wa 300, nesa ba kusa ba. Ita 72 ɗin da ake yawan gani gado ce daga kwamfutar Macintosh ta 1984, wadda allonta ke da fiksel 72 a inci. Windows kuma ta ɗauki 96. Allon wayar da ke hannunka yau ya ninka wannan sau da yawa, shi ya sa ƙaramin hoto ke yi maka kyau a waya har ka sakankance.

A Photoshop, cikin akwatin canza girman hoto, akwai wani ɗan gurbi mai suna Resample. In ka cire masa alama ka rubuta 300, adadin fiksel zai tsaya yadda yake, manhajar ta nuna maka ainihin girman da hoton zai iya bayarwa a takarda. Wannan ita ce gaskiyar fayil ɗinka. In ka bar alamar ka rubuta 300, manhajar za ta ƙirƙiro sababbin fiksel ta hanyar kintace tsakanin na asali. Fayil zai yi nauyi, lambar za ta yi daidai, amma bayanin da babu shi tun farko ba zai dawo ba.

Daga ina 300 ta fito?

Yana da kyau ka san asalinta, don sanin ne zai nuna maka inda za ka riƙe ta da inda za ka sake ta. Tushe biyu gare ta.

Na farko idon ɗan Adam. Ido mai lafiya yana iya rarrabe abubuwa biyu da tazararsu ta kai kashi ɗaya cikin 60 na digiri guda. In ka riƙe takarda a nisan karatu, kimanin santimita 30, mafi ƙanƙantar abin da za ka gani bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, wanda ya yi daidai da PPI 290 ko kusa da haka. Aka cike ta zuwa 300.

Na biyu injin ofset, wanda ake buga mujallu da littattafai da kalandu masu yawa da shi. Wannan inji ba ya iya shafa launi mai haske ko mai duhu kai tsaye. Yakan farfasa hoto zuwa jerin ɗige-ɗige, manya a inda ke da duhu, ƙanana a inda ke da haske. Ka samu gilashin ƙara girma ka duba fuskar mutum a wata mujalla, za ka ga ɗigon shuɗi da ja da rawaya da baƙi suna zagaye juna. A takarda mai sheƙi akan jera layin ɗigo 150 a inci, kuma ƙa'idar da masu ɗab'i suka daɗe a kai ita ce fiksel ya ninka layukan sau biyu: 150 sau biyu, 300. Takardar jarida kuwa tana shan tawada, don haka layukanta kan tsaya wajen 85, hoto mai PPI 170 zuwa 200 ya ishe ta.

Ke nan 300 ta abin da za a riƙe a hannu ce: katin gayyata, bangon littafi, takardar shaida, mujalla, hoton da za a saka a firam a ajiye kan tebur. Akwai ma inda ta yi kaɗan. Zanen baƙi da fari zalla, irin na labarin zane mai siraran layuka, ba shi da inuwar da za ta ɓoye gargadar gefe, shi ya sa masu wannan sana'a ke aiki da 600, wasu har 1200.

Lissafin kansa

Ka fara da takarda. Ɗauki faɗi da tsawo a inci, ka ninka kowane da PPI ɗin da kake so. In da santimita kake awo, raba da 2.54 tukuna.

Takardun da muka saba da su a Najeriya da Nijar na jerin A ne, tsarin da ya samo asali a Jamus a 1922 kafin ya zama ma'aunin duniya na ISO 216 a 1975. A4 milimita 210 da 297 ce, a PPI 300 tana buƙatar fiksel 2480 da 3508. A5, girman ƙananan littattafai da yawa, 1748 da 2480. A3 tana son 3508 da 4961, A2 kuma 4961 da 7016. Hikimar wannan jeri ita ce duk siffarsu ɗaya: ka naɗe A3 biyu ka samu A4, tsawo kullum ya ninka faɗi sau 1.414. Saboda haka zanen da aka yi a A3 zai sauka A4 ko A5 ba tare da an yanke masa komai ba. Shawarata ga wanda bai tabbatar da girman da za a nema ba ita ce ya yi aiki a A3 da 300, in na'urarsa za ta ɗauka. Rage girma ba ya cutar da zane, ƙara girma ne ke cutarwa.

A kula da manhajojin da aka tsara don kasuwar Amurka, sukan buɗe da takardar Letter, mai inci 8.5 da 11. Ta fi A4 faɗi kaɗan, ta kuma fi ta gajarta, bambancin da ba a lura da shi sai an zo yanka.

Ga masu haɗa zane da hoton kyamara: waya mai megafiksel 12 tana ba da kimanin 4000 da 3000, wanda ya wuce buƙatar A4. Amma hakan na hoton asali ne da ke cikin wayar da ta ɗauka. Wanda aka sauke daga Facebook, ko aka yi wa sikirinshot, ya riga ya zubar da mafi yawan fiksel ɗinsa.

Nisa yana rage buƙata

A nan ne masu ƙwazo ke wahalar da kansu. An ba mutum aikin bana mai ƙafa 10 da ƙafa 4, ya tuna an ce 300, sai ya buɗe fili mai fiksel 36,000 da 14,400. Fiksel sama da miliyan 500 ke nan, kwamfuta ta tsaya cik, aiki ya gagara. Alhali ba wanda zai karanta banar a nisan santimita 30.

Daga wancan awon ido ana iya fitar da ƙa'ida mai sauƙi: raba 8,700 da nisan mai kallo a santimita. Mita ɗaya ta ba da 87. Mita uku ta ba da 29. Mita goma ba ta kai 10 ba, kuma shi ya sa manyan allunan talla na bakin titi ake buga su da PPI 10 zuwa 30 ba tare da wani direba ya lura ba. Wannan lissafi mafi ƙarancin abin da ake buƙata yake bayarwa, don haka a ƙara masa rara. Fostar bango da za a tsaya a gabanta a karanta, 150 ta wadatar. Bana mai tsayuwa irin ta wurin taro, mai santimita 85 da 200, tana yin kyau da 100 zuwa 150. Waccan banar mai ƙafa 10 da 4, in a saman shago za a rataye ta, 50 zuwa 75 ta isa, wato tsakanin fiksel 6000 da 2400 zuwa 9000 da 3600.

Sai dai ka tambayi abin da za a yi da ita, girma kaɗai ba ya faɗa maka nisa. Banar da za a kafa a bayan amarya da ango, jama'a za su jingina da ita suna ɗaukar hoto, wasu har su shafa ta. Wannan ta cancanci 100 ko fiye, ko da ta fi ta saman shago girma.

Siffa, da rarar gefe

Yawan fiksel ba ya gyara siffar da ba ta dace ba. Zane mai murabba'i ba zai cika A4 ba sai an yanke gefensa ko an bar fari sama da ƙasa. Zanen A4 da aka saka a firam mai inci 8 da 10 zai rasa fiye da santimita uku na tsawonsa, kuma sau da yawa sa hannun mai zanen ne ke tafiya. Mafi muni shi ne a ja shi da ƙarfi ya cika wurin, fuskar mutum ta baje. Duk wanda ya taɓa kallon fostocin lokacin zaɓe ya ga irin wannan.

Sannan akwai yanka. Madaba'a tana bugawa a babbar takarda, ta tara ɗaruruwa, ta datse su da wuƙar inji lokaci guda, wuƙar kuma takan kauce da milimita ɗaya ko biyu. In launinka ya tsaya daidai bakin layi, sai farin zare ya bayyana a gefen wasu katunan. Maganinsa rarar gefe, wadda masu madaba'a ke kira bilid: a bar launin bango ya zarce da milimita 3 ta kowane ɓangare. A4 ta zama 216 da 303, wato fiksel 2551 da 3579. Ta ciki kuma a janye rubutu da duk wani abu mai muhimmanci aƙalla milimita 3 zuwa 5 daga bakin yanka. Bangon littafi yana da ƙarin lissafi, domin gaba da baya da ƙashin baya duk fili ɗaya ne, kaurin ƙashin bayan kuma ya dogara da yawan shafuka da irin takarda. Kada ka kintata, madaba'a ce za ta ba ka awon. Haka zanen da za a buga a kan yadi a ɗaure a katako: yana buƙatar rarar santimita da dama da za ta naɗe gefen katakon.

Abin da na'urarka za ta iya ɗauka

Ninka PPI sau biyu yana ninka fiksel sau huɗu, tunda faɗi da tsawo duka sun ƙaru. A4 a 600 daidai take da A2 a 300. Kowace shimfiɗa (wato leya) da aka cika da launi a A4 mai 300 tana cin kimanin megabait 35 na ƙwaƙwalwar na'ura. A A2 ta kusa 140. Shimfiɗa ashirin sun doshi gigabait uku. Wannan ne dalilin da ya sa Procreate ke rage yawan shimfiɗar da za ta ba ka da zarar ka ƙara girman fili, kuma shi ne ke sa manhajar waya ta rufe kanta ana tsakiyar aiki.

Matasa da yawa a wajenmu da waya suke wannan sana'a, kuma suna fitar da aiki mai kyau, don haka ba zan ce wa kowa sai ya sayi babbar kwamfuta ba. In A3 a 300 ta fi ƙarfin wayarka, sauko zuwa 240 ko 200 kafin ka taɓa girman takardar. A zanen fenti mai laushin inuwa, da wuya ido ya kama bambancin. Ka riƙa haɗe shimfiɗun da ka gama da su, bayan ka ajiye kwafin da ba a haɗe ba.

In an riga an yi shi ƙarami fa?

Akwai manhajoji masu ƙara girman hoto da fasahar AI, irin su Topaz Gigapixel da waifu2x. Suna taimakawa, musamman a zane mai shimfiɗaɗɗen launi da tsabtataccen layi, kuma ninki biyu yakan wuce lafiya. Amma kintace suke yi, suna cike gurbi da abin da suke zaton ya dace. A fuskar mutumin da aka sani, wannan kintace na iya sauya ido ko haƙori har danginsa su ga kamar ba shi ba. A duba sakamakon da kyau kafin a biya kuɗin bugu.

Tambari da rubutu kuwa, tun farko bai kamata a yi su da fiksel ba. Zanen bekta, irin na CorelDRAW da Illustrator da Inkscape, lissafin layuka yake ajiyewa, don haka tambari ɗaya zai hau katin kasuwanci ya kuma hau allon titi ba tare da ya dusashe ba. Tsari mafi inganci shi ne a yi fentin a manhajar fiksel, a ɗauko shi zuwa manhajar bekta a ɗora masa rubutu. Ga mai rubuta Hausa akwai ƙarin hattara: in kwamfutar madaba'a ba ta da salon haruffan da ka yi amfani da shi, ƙ da ɗ da ɓ su ne farkon ɓacewa, su koma akwati ko alamar tambaya. Ka mayar da rubutun ya zama zanen layuka kafin ka tura. A CorelDRAW, Ctrl da Q ne ke yin haka.

Launi, fayil, da hanyar turawa

Allo da haske yake haɗa launi, ja da kore da shuɗi, tsarin RGB. Injin ofset da tawada huɗu yake aiki, tsarin CMYK, kuma tawada ba ta iya kai wa wasu launukan allo. Shuɗi mai walƙiya da kore mai ƙyalli sukan dusashe, bugun gaba ɗaya kuma yakan fi allo duhu, tunda takarda ba ta da fitila a bayanta. Wasu injinan bana da na buga riguna sun fi son a ba su RGB su juya da kansu, don haka tambaya ta fi zato. Ƙananan haruffa baƙaƙe a yi su da baƙar tawada ita kaɗai. In aka haɗa su da launi huɗu, ɗan kaucewar farantin launi ɗaya a injin zai sa su yi inuwa.

Wajen ajiyewa, PDF ko TIFF sun fi aminci. PNG ba ya ɗaukar CMYK, amma shi ake so a aikin riga saboda yana barin bango babu launi. JPEG yana zubar da wani abu duk lokacin da aka sake ajiye shi, don haka in shi aka nema, a fitar da shi sau ɗaya a mafi girman inganci.

Bayan duk wannan wahala, a WhatsApp aiki da yawa ke mutuwa. In ka tura fayil a matsayin hoto, manhajar za ta matse shi ta rage masa fiksel, ko da ka zaɓi HD akwai matsi. Ka tura shi a matsayin dokumen, wanda ke ɗaukar har gigabait 2, ko ka kai shi a filash. Haka za ka gaya wa mai aikin da zai turo maka hoton amarya ko na ɗan takara.

Kafin a saki inji a kan kwafi dubu, ka nemi gwaji. In aikin babba ne, ba sai an buga shi duka ba: yanko ɓangaren da ya fi wuya, fuska ko ƙananan rubutu, a ainihin girman da zai fito, a buga shi a A4 guda. Manna shi a bango, ka ja baya zuwa inda mai kallo zai tsaya, ka duba. In gefen haruffa ya tsaya sumul daga nan, a ci gaba da bugu. In ya yi gargada, kuɗin takarda ɗaya ka kashe, kuma fayil ɗin na hannunka.